Rage shekaru don aiki ko don aure: a ina ake kama mutum, kuma me yake jawowa?

Ɗan Mamobi

Assalamu alaikum jama'a. Magana biyu aka kawo bes ɗinmu, wato majalisarmu ta shan ataya, daren jiya, aka yi ta musu har gawayi ya mutu ba a tsaya kan komai ba.

Ta farko, saurayi ne haihuwar 1991, yana da digiri, ya ga tallan aiki an ce kada mai nema ya wuce shekara 30. Wani goro boy, irin 'yan tsakanin nan masu fitar wa mutane takardu a ofisoshi, ya ce ya kawo kuɗi a fitar masa da sabuwar takardar haihuwa mai 1996, a haɗa da takardar rantsuwa, shi ke nan. Shin har yanzu abin yana tafiya haka? In ya tafi, me zai biyo baya?

Ta biyu, mace ce mai shekara 37, ta ce wa mai nemanta 31. Yanzu magana ta kai gaban manya, ana shirin sa rana. Ta faɗa masa, ko ta yi shiru tunda jikinta bai nuna ba? Wa'azi kam mun sha shi a bes ɗin, bayanin yadda abin yake a zahiri nake nema.

Tsohon Akawu

Wa alaikumus salam ɗana. Da a ce shekara ashirin baya ne, da goro boy ɗin nan yana da abin sayarwa, domin a lokacin kowane ofis da kundinsa, ba mai leƙa na wani. Yau akwai Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Duk wanda aka haifa 1991, yake riƙe da layin waya da asusun banki, to yana da katin. Tun Oktoban 2021 aka fara ɗaure layukan waya da shi, tun 1 ga Yulin 2022 shi bankuna suke karɓa, shi ne lambar haraji, kuma an haɗe shi da lambar SSNIT, hukumar fansho. Ranar da yaron ya je NIA, hukumar da take ba da katin, sun ɗauki yatsunsa goma da fuskarsa da ƙwayar idonsa, suka liƙa su da 1991. In ya koma ya ce bai taɓa rajista ba, yatsansa zai tona shi, kuma rajista biyu laifi ne mai zaman kansa. In ya ce gyara ya zo yi, nan ma akwai tambaya. Takardar haihuwa ba ranar haihuwa kaɗai take ɗauke da ita ba, akwai ranar da aka yi rajistar. Ma'aikaci mai ido can yake fara dubawa. Mutum ya ce an haife shi 1996 amma watan jiya aka rubuta shi a kundi, bayan ya riga ya bai wa hukuma wata ranar da bakinsa? Ai ba sai an kira boka ba.

Mu ɗauka ma ya tsallake wannan. Mai tantance fayil ba ya kallon fuskarka, lissafi yake yi da biro a gefen takarda. Ɗan 1991 zai rubuta BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, wajajen 2006, WASSCE ta babba kuma 2009. Ka mayar da haihuwar 1996, sai ya zama ya gama ƙaramar sakandare yana ɗan shekara 10, babba kuma yana 13. Shekarar jarrabawa a buge take a kan satifiket, kuma da katin duba sakamako na WAEC ana tabbatar da ita cikin minti biyu. Bayan ta ga takardun jami'a, ga shekarar da ya yi bautar ƙasa, ga lasin tuƙi, ga katin inshorar lafiya na NHIS, ga rajistar zaɓe. In ya taɓa aiki aka buɗe masa tsohuwar lambar SSNIT mai harafi a gaba, ya duba tsakiyarta da kyau: shekara da wata da ranar haihuwarsa suna jere a ciki. Takarda ɗaya za a sayar masa, guda bakwai za su ƙaryata ta.

Ita kuma takardar rantsuwa mutanenmu sun ɗauke ta kamar laya. Wanda ya buga mata hatimi ba cewa yake yi abin da ka faɗa gaskiya ne ba, cewa yake yi a gabansa ka rantse. In ƙarya ce, ka ƙara wa kanka laifin rantsuwar ƙarya da sa hannunka. Bugawa a gazet ma sanarwa ce kawai, ba ta mayar da 1991 ta zama 1996.

Idan aka gano bayan ya fara aiki, kora ce ta rashin gaskiya, ko ya shekara goma a kujerar. In aikin gwamnati ne akwai ƙari, domin yaudarar jami'in hukuma da ƙirƙirar takarda duk suna cikin dokar manyan laifuka ta 1960. Wanda kuma yake mafarkin zama boga, wato mai zaman ƙasar waje, ya sani: ofishin jakadancin Amurka in ya kama ka da ƙarya a abin da ya shafi biza, haramcin na har abada ne, Ingila kuwa tana iya rufe maka ƙofa shekara 10. Kuma a nan ne ƙaryar takan ci karo da dangi. Ka rage biyar, sai ka tarar a takarda ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya ya girme ka da shekara biyu.

Mai Lissafin Fansho

Baba Akawu ya yi bayanin wanda aka kama. Ni bari in yi na wanda ba a kama ba, don shi ne mutane ba sa lissafawa.

SSNIT ba ta san shekarun jikinka ba, na takarda ta sani. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2008 sai ka zuba gudummawa aƙalla wata 180, wato shekara 15. Cikakken fansho sai a 60. Daga 55 zuwa ƙasa da 60 kana iya karɓa, amma ragagge, kuma ragin yana bin ka har ƙarshen rai. Ƙasa da 55 babu fanshon tsufa sam.

To ɗauki mutumin da ya yanke shekara 6. Direba ne ko mai gadi ko ma'aikacin kamfani mai aikin ƙarfi. Yana da 58 na gaskiya gwiwa ta ƙi, ido ya rage, ko kamfanin ya rage ma'aikata. A takarda 52 yake. Zai zauna a gida shekara 3 ba albashi ba fansho kafin ya isa ragaggen, lokacin yana 61. In cikakken yake so, sai ya kai 66. Sa'ansa da bai taɓa shekarunsa ba ya shekara shida yana karɓa. Akwai fanshon nakasa, amma ba a ba da shi don gajiya. Sai kwamitin likitoci ya tabbatar ba za ka ƙara iya aiki ba, kuma sai ka zuba wata 12 cikin wata 36 na ƙarshe.

Gaskiya ɗaya ce, akwai wanda yake cin riba, shi ya sa abin bai mutu ba. Ma'aikacin gwamnati mai zaman ofis, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce ya sauka a 60, in ya rage 6 ya ƙara shekara 6 na albashi. Fanshon ma yana ƙaruwa: shekara 15 na farko suna ba ka kashi 37.5 cikin 100 na matsakaicin albashinka na shekara uku mafi tsoka, kowace shekara bayan nan tana ƙara 1.125, don haka shida sun zama 6.75. Amma akwai rufi. Ba a wuce kashi 60, wanda ake kaiwa a shekara 35 na zubi. Wanda ya riga ya kai can ba abin da ya ƙaru da shi sai sammako da bin motar haya ta turoturo daga Madina zuwa Ministiri yana ɗan 65. Cacar kenan: ka jingina komai a kan cewa lafiyarka za ta kai, kuma ba wanda zai buɗe fayil.

Ƙananan abubuwa ma suna ja da baya. Yafewar kuɗin NHIS ta tsofaffi a 70 take farawa, tallafin LEAP na tsofaffi marasa ƙarfi a 65. Duk da shekarun kati ake bi.

Abin da ya fi yawa a ofisoshin fansho shi ne mutum ya zo saura wata shida ya yi ritaya, ranar da ke wurin aikinsa daban, ta SSNIT daban, ta Ghana Card daban. Sai fayil ya tsaya cik har a daidaita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya ciro bayanin asusunsa na SSNIT ya ɗora kusa da katinsa tun yanzu ya ga ko ranakun sun zo ɗaya.

Kocin 'Yan Kolts

A ƙwallo muka fi kowa sanin wannan ciwon, har suna gare shi, shekarun ƙwallo. Tun gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya da aka yi a Najeriya a 2009 FIFA take sa a duba wuyan hannun yara maza da na'urar MRI. Akwai wurin da ƙashi yake girma a nan. In ya gama haɗewa, mataki na shida kenan, an cire ka ko me takardarka ta ce. A 2022 kuma CAF ta dakatar da 'yan matanmu Black Maidens daga gasa biyu, ta ci tarar dala 100,000, bayan ƙorafin Maroko kan shekaru. Amma ni abin da ya fi ba ni takaici yaron ne. Ɗan 21 a cikin 'yan 16 dole ya yi fice, sai a ɗauka baiwa ce alhali ƙarfi ne. In ya shiga cikin manya sai a ga babu ci gaba, a 27 na takarda cinya ta fara tsinkewa, kulob ya ce ya lalace da wuri.

Anti Nas

Ɗan Mamobi, ni maganar 'yar'uwar nan ce ta tsaya mini. Kafin a zo ga mijin, ka ce mata ko duniya za ta yi wa ƙarya, ban da asibiti.

Ga dalili. Mace 'yar ƙasa da 35 in ta yi aure ciki bai zo ba, likita yakan ce a yi haƙuri a cika wata 12 kafin a fara bincike. Daga 35 zuwa sama wata 6 ne kawai. Ta haura 40 kuwa ba a jira ko kaɗan. To 'yar 37 da ta ce 31, da bakinta ta sayo wa kanta jinkirin rabin shekara, a daidai lokacin da ƙwan haihuwa yake raguwa da sauri, yawansa da ingancinsa duka. Mai rage wa mahaifa shekaru babu shi, hoda da tacewar kyamarar waya ba sa isa can. In cikin ya samu ma, awon 'yar 37 ba ɗaya yake da na 'yar 31 ba. Ana ƙara sa ido kan hawan jini da sugan ciki, ɓari ya fi yawa, kuma yiwuwar haihuwar yaro mai lalurar Down, wadda take kusan 1 cikin 350 a shekara 35, tana kai kusan 1 cikin 100 a 40. Ba don a tsorata kowa ba ne. Mata da yawa a Nima da Fadama suna haihuwa lafiya lau a 38 da 40. Amma sai ungozoma ta san da wa take aiki.

Kuma nan ne asiri yake tonuwa. Littafin awon ciki a gida yake kwana, ranar haihuwa tana shafin farko, an kwafo ta daga katin NHIS. Miji ya ɗauka zai duba ranar komawa asibiti, ya ga abin da bai nema ba. In ba nan ba, to ranar da za a kai fasfo wurin ejan na aikin Hajji. In bazawara ce mai ɗa, ba a ma kai can: ɗanta na fari yana 19, ita tana 31, a shekara 12 ta haife shi kenan?

Kada a ce mata kaɗai. Maza sun fi mu iya wannan, yomo, baƙin rinin gashi, ne dai yake rufa musu asiri. Ɗan 54 ya shafe gemu baƙi ƙirin, ya ce 43, ya ɓoye maganin hawan jini a aljihun mota, ya auri 'yar 24. Ita ta yi lissafin shekara 17 kafin ya bar aiki, ashe 6 suka rage, ga yara ƙanana uku ba wanda ya kai sakandare. Shi kansa ya cuci kansa, don gwajin sankarar prostate na maza da ake so baƙar fata ya fara tun wajajen 45 ya wuce shi yana wasan samartaka. Masu yomo kuma ku riƙa gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, ku jira kwana biyu kafin ku shafe kai. Akwai sinadarin PPD a yawancin baƙin rini, yana kumbura wa wasu fuska har ido ya rufe.

Malamin Makarantar Dare

Allah ya saka wa Hajiya Nas da alheri. An ce ban da wa'azi, to ga hukunci a taƙaice sannan dabara.

A mazhabarmu ta Malikiyya aibobin da ake mayar da aure saboda su sanannu ne: hauka, kuturta, albaras, da ciwon da yake hana saduwa. Yawan shekaru ba ya ciki, don haka auren da aka ɗaura bai ɓaci ba don an gano ta girmi abin da ta faɗa. Sai dai in an sanya shi sharaɗi a fili, aka ce na aure ta a kan cewa shekarunta kaza ne, nan malamai suna ba wanda aka ruɗa zaɓi, kuma magana ce ta a zauna gaban limami. Ingancin aure daban, halascin ƙarya daban. Hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu ya isa. Shekarun kansu ba abin kunya ba ne. Mashahurin zance shi ne Nana Khadija tana da 40 Manzon Allah (SAW) yana da 25 aka ɗaura musu aure.

A zango kuwa wa za ka ɓoye wa? Matan da suka ci tuwon sunanta suna nan da ransu. Akwai waɗanda suka yi makarantar allo tare, akwai waɗanda aka yi musu walimar sauka rana ɗaya. Gwaggon ango za ta zo bincike ta zauna da wata tsohuwa a Sabon Zango, ba za ta tambayi shekara ba, cewa za ta yi ita da wance wa ya riga wani zuwa duniya. An gama.

Don haka ta faɗa, kuma kafin a sa rana, kafin a kawo lefe. Bayan an kashe kuɗi, mutum ko ya yarda zai ji kamar an ɗaure shi ne aka gaya masa. Ta faɗa masa ita da kanta, su biyu, ba ta waya ba, ba kuma ta bakin ƙawa ba. Ta faɗi lambar daidai, 37, ta miƙa masa katin ya gani. Kada ta ce talatin da 'yan kai, wannan sabuwar ƙarya ce ƙarama. Ta faɗi dalilinta a jimla ɗaya, tsoro ne ya sa, ta nemi afuwa, ta ba shi mako guda ya yi tunani ba tare da ta dame shi da kira ba. Waliyyinta ya sani a ranar, don kada dangin ango su zo masa da maganar yana zare ido. In haihuwa ce damuwar mijin, su je likitan mata tare kafin ɗaurin aure, tare da gwajin sikila da ake yi dama. Yana iya fasawa, wannan gaskiya ne. Amma fasawa kafin sa rana magana ce ta gida biyu, saki bayan wata takwas kuwa maganar unguwar Mamobi ce gaba ɗaya.

Ɗan Mamobi

Na gode ƙwarai iyayena. Amma Baba Akawu, yaron nan fa ba shi ya jawo ba. Ya gama makaranta ya yi shekaru yana yawo da ambulan, yanzu a ce ya tsufa. Me zai yi? Sannan wani a bes ɗin ya ce shi ba ƙarya ya yi ba, hedimasta ne ya yanka masa shekara ranar shiga aji ɗaya, kuma ya tabbata ya girmi abin da aka rubuta.

Tsohon Akawu

Ƙorafinka daidai ne, ƙa'idar nan tana cutar 'ya'yan talakawa da suka fara makaranta a makare. Amma a raba ayyukan biyu. Na kaki, soja da 'yan sanda da shige da fice, iyakar da suka buga a tallan shekarar ita ce, kuma suna bin takardu ɗaya bayan ɗaya. In ya wuce ya haƙura. Kamfanoni masu zaman kansu kuwa sau da yawa lambar nan ta rage tulin takardu ce. Kada ya rubuta ranar haihuwa a CV in ba a nema ba, wannan ba ƙarya ba ce. Ya sa abin da ya iya da inda ya yi aiki a sama, makaranta a ƙasa. In fom ya tambaya ya rubuta 1991, ya nemi wanda zai miƙa takardar hannu da hannu ga mai ɗaukar aikin. Wanda ya ga ƙwarewa yakan kau da kai daga shekara huɗu, amma ba ya kau da kai daga takardar jabu.

Shi kuma na hedimasta, irinsa suna da yawa, tun zamanin da ake cewa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne. Abin da yake bukata hujjar da ta girmi rigimar ce. Ya fara da katin awon jarirai in uwarsa ta adana, yawanci yana ƙasan adaka tare da zannuwan aure. Ya tambaya ko mahaifinsa ko malamin da ya raɗa sunan ya rubuta ranar a bangon wani littafi, da yawa sukan rubuta da ajami da watan Musulunci, kuma ana iya juya shi zuwa na Bature. Ya tambayi tsofaffi da abin da ba a mantawa: kafin yunwar 1983 da aka koro mutane daga Legas ne ko bayanta, yana goye ko yana tafiya lokacin juyin mulkin 31 ga Disamban 1981. Wannan ba hujjar ofis ba ce, amma tana nuna masa shekarar da zai nema a kundin asibitin da aka haife shi. In ya samu, ya fara gyarawa daga wurin rajistar haihuwa, sannan NIA, sannan SSNIT da wurin aikinsa, a jere haka, kowanne ya karɓi shaida a rubuce. In bai samu komai ba sai zancen baki, ya bar ranar hedimasta yadda take, ya tabbatar ita ce a kowace takarda, likitansa kaɗai ya gaya wa cewa akwai shekara biyu ko uku da ba a rubuta ba.